Ga Matasanmu Masu Haramar Hawan Kilimanjaro: Kada Ku Rage Kwanakin Tafiya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana da matasanmu a kan wani abu da na san mutane da yawa za su ce bai shafi talakan karkara ba. Ni ma da ban yi niyyar rubuta shi ba, sai da maganar ta shigo har cikin gidanmu.

Ni malamin gona ne, a yankin Auyo nake zaune, aikina yawo tsakanin fadamun shinkafa ina duba iri da ruwa da taki. Makon jiya bayan sallar isha'i ɗan yayata, wanda ya gama bautar ƙasa ya buɗe shagon sayar da waya a Haɗeja, ya same ni a ƙofar gida ya miƙo mini wayarsa. Ya ce, "Kawu, duba ka gani." Talla ce a Facebook ta zuwa Tanzaniya hawan dutsen Kilimanjaro. Su shida ne suka haɗa kai, wasu daga Haɗeja wasu daga Kano, har sun fara adashe, burinsu su ɗaga tutar Najeriya a ƙololuwa su ɗauki hoto. Kamfanin da zai kai su ya ba su zaɓi, ko tafiyar kwana biyar ko ta kwana takwas, suka ɗauki ta biyar don ta fi sauƙin kuɗi. Da na tambaye shi dalili sai ya ce, "Ai mu matasa ne, Kawu, kullum muna filin ƙwallo. Kwana takwas ɗin nan na tsofaffin Turawa ne."

Ya zo wurina ne don ya san na taɓa hawan dutsen. Sau biyu na hau, na farko ta hanyar kwana biyar, na biyu ta hanyar kwana takwas, kuma abin da na gani a na farkon shi ya hana ni barci a daren da yaron nan ya tafi.

Shekarun baya aka tura mu kwas na noman shinkafar rani a garin Moshi, wanda ke gindin dutsen. Kowace safiya in gari ya washe sai ka ga kansa fari fat da ƙanƙara a saman gajimare, kai kana tsaye a gonar shinkafa kana gumi. Da kwas ya ƙare, ni da wani abokin aikina ɗan wajen Bunkure muka haɗa ɗan abin da muka rage na guzuri muka nemi tafiya mafi araha. Aka ce hanyar Marangu, kwana biyar, akwai ɗakunan kwana na katako, ba sai an kafa tanti ba. Abokin nan nawa ya fi ni ƙarfi nesa ba kusa ba. Ya kai shekara goma ƙasa da ni, mutum ne da zai ɗaga buhun shanshera ya ɗora a kan babur shi kaɗai, ba ya shan taba, ban taɓa jin ya kwanta ciwo ba.

Ga yadda lissafin hanyar yake, don mai karatu ya gane. Ana tashi daga ƙofar gandun dajin gwamnati da dutsen yake ciki a tsayin mita 1,860 ko kusa da haka. Daren farko a zangon Mandara, wajen mita 2,700. Dare na biyu a Horombo, wajen 3,700. Dare na uku a Kibo, wajen 4,700, kuma shi wannan ba kwana ba ne, don da tsakar dare ake tashin mutum a nufi ƙololuwa, wadda suke kira Uhuru, mai tsayin mita 5,895. Wato kowace rana ana ɗaga wurin kwanan mutum da mita dubu guda. Mu kuwa mutanen shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ne. Daga Haɗeja har ka dangana da Nguru ba abin da ke tare maka ido sai kuka da giginya, kuma tsayin ƙasarmu daga teku bai kai mita 400 ba. Dutse mafi tsayi a duk Najeriya, Chappal Waddi da ke Jihar Taraba, mita 2,419 ne. Daren farko kaɗai a Mandara ka riga ka kwana a inda ya fi ko'ina tsayi a ƙasarmu.

Ranar farko da ta biyu abokina shi ne a gaba. Jagoranmu yana ta ce masa "pole pole", wato sannu sannu da harshen Suwahili, shi kuwa yana dariya yana cewa tafiyar hawainiya ake sa shi. A Horombo ya ce kansa na sarawa, ya sha farasitamol ya kwanta. Abincin dare ya ɗan taɓa ya ture. Da safe jagora ya tambaye shi ya jiki, ya ce lafiya lau, ni ma ina ji ban ce komai ba, alhali na san ya kwana yana juyi. Wannan shirun nawa har yau yana damuna. Mun riga mun biya kuɗi, muna kunyar a ce 'yan Najeriya sun kasa, sai muka rufa wa juna asiri a kan abin da bai kamata a rufe ba.

Tsakanin Horombo da Kibo fili ne fetal, ba itace ba ciyawa, sai duwatsu da iska mai yanka fuska. A nan mutumin da ke gaba ya koma baya. Kowane taku ashirin sai ya tsaya ya dafa gwiwa. Mun isa Kibo da la'asar, ya kasa ko cire takalminsa. Bayan magariba ya fara tari, busasshe da farko, can cikin dare sai na ji ƙirjinsa yana ƙara kamar ana zuƙar kunu da tsinke. Na haska shi da tocila na ga leɓensa ya sauya launi, ya yi duhu-duhu, yana zaune don ya ce in ya kwanta numfashi ba ya shiga. Na kira sunansa ya dube ni, ya ce da ƙyar, "Malam, ka gaya wa iyalina." Ban bari ya ƙarasa ba na fita da gudu, gudun da ni kaina ya kusa kayar da ni, na buga ɗakin jagora.

Jagoran bai ɓata lokaci ba. Ya kara kunnensa a bayan abokina, ya ce ruwa ne ya taru a huhunsa, yanzu za a sauka da shi, ba sai gari ya waye ba. Suna da wani gadon ƙarfe mai taya ɗaya a tsakiya kamar baro. Suka naɗe shi a bargo suka ɗaure, 'yan dako huɗu suka kama, muka bi dare muna gangarawa. Wani ikon Allah, kafin mu kai Horombo ya fara magana sosai, da aka ƙara sauka da shi ƙasa tarin ya lafa. Ya yi kwanaki a asibiti a Moshi kafin likita ya yarda ya hau jirgi. Yana nan da ransa, yana aikinsa, alhamdu lillahi. Amma na tabbata da an ce a jira safiya da wani labarin nake ba ku.

Bayan na dawo gida na yi ta tambayar ma'aikatan lafiya da karance-karance don in fahimci abin da ya kayar da ƙaƙƙarfan mutum irin wannan. Abin ba a ƙafa yake ba, a iska yake. Alhazanmu da suka hau Jabalun Nur a Makka sun san gajiyar gwiwa da haki, amma wannan gajiya ce da in ka zauna ka huta za ta wuce. Shi dogon dutse, iya nisan da ka yi sama iya yadda iska ke yin sako-sako, har a ƙololuwar Kilimanjaro abin da numfashi ɗaya ke kawo wa jiki na oksijin kusan rabin abin da yake samu a bakin teku ne. Allah Ya hore wa jiki dabarar sabawa da hakan: numfashi yana ƙaruwa, ƙoda tana gyara jini ta hanyar yawan fitsari don numfashin ya samu ya ci gaba da ƙaruwa. Sai dai wannan aiki kwanaki yake ci, kuma ƙarfi ko ƙuruciya ba sa gaggauta shi. Ƙarfin ma yakan zama tarko, don mai ƙarfi shi ne ke hawa da sauri ya wuce inda jikinsa ya shirya. Likitocin da suka ƙware a wannan fanni suna ba da shawarar cewa in an wuce mita 3,000 kada a ƙara fiye da mita 500 a kan wurin kwana a rana guda, kuma a riƙa samun ranar hutu bayan kwana uku ko huɗu. Mu ninkin haka muka riƙa yi, rana biyu a jere.

Duk manomin tumatir ya san ba a tuge iri daga inuwar gado a kai shi tsakiyar rana a dasa. Kwanaki kafin dashe ake rage masa ruwa, a janye rumfa kaɗan kaɗan, ya sha rana ya yi ƙwari. Wanda ya tsallake wannan zai ga irinsa ya kwanta, ko da kuwa shi ne mafi kyau a gadon. Ni da nake koya wa manoma wannan kullum, ban yi tunaninsa ba ranar da muke cinikin kwanaki a Moshi.

Bayan shekara biyu aiki ya sake kai ni can. Na yi tanadi tun daga gida, na sayar da ragona biyu na ƙara, na ɗauki hanyar Lemosho ta kwana takwas, wadda ke farawa daga yammacin dutsen. Jagoranmu wannan karon dattijo ne daga ƙabilar Caga, mutanen da ke noman ayaba da kofi a gindin dutsen, suna janyo ruwa ta ƙananan magudanai da suka gada kaka da kakanni. Doka ce a can ba mai hawa sai da jagora mai lasisi, kuma na ga amfanin dokar. Tun a ƙofa ya ce mana shi zai shiga gaba, ba wanda zai wuce shi. Tafiyarsa kamar ta mai rakiyar tsohuwa, taku ɗaya, numfashi ɗaya. Safe da yamma yakan maƙala wa kowa wata 'yar na'ura a yatsa ya duba oksijin da bugun zuciya ya rubuta a littafi, sannan ya dubi idonka ya tambaya: ka ci abinci, ka yi barci, kanka fa, fitsarinka fari ne ko ja? Da na ba shi labarin abokina, ya yi shiru, sannan ya ce abin da ya fi ba shi tsoro a aikinsa shi ne baƙon da ke cewa lafiya lau.

Daren farko a cikin kurmi muka kwana, birai masu baƙi da fari suna tsalle a kan itatuwa. Daga nan muka fito tudun Shira muka yi kwana biyu a kansa, na farko wajen mita 3,500, na biyun sama da haka kaɗan. Rana ta huɗu ita ce ta koya mini abin da kuɗina ya saya. Muka hau har wani tsauni da ake kira Lava Tower, wajen mita 4,600, kusan tsayin Kibo inda abokina ya faɗi. A can kaina ya ɗauki ciwo, abinci ya fita raina, gabana ya faɗi na ce abin ya dawo. Na gaya wa jagora nan take. Ya ce daidai ne, dama don haka aka kawo mu, in ci abin da zan iya in sha ruwa. Bayan mun ɗan zauna sai muka gangara zuwa zangon Barranco, ƙasa da mita 4,000, muka kwana. Da asuba na tashi garau, na cinye kwanon kunun da aka kawo na nemi ƙari. Dabarar ke nan: a kai jiki sama da rana ya ɗanɗana, a sauko da shi ƙasa ya kwana ya gyara kansa.

A Barranco akwai wasu itatuwa da ban taɓa ganin irinsu ba, kututture ɗaya da tulin ganye a ka kamar kabeji, busassun ganyensu ba sa zubewa, sai su lulluɓe jikin itacen kamar bargo saboda sanyin dare. Na daɗe a gindinsu ina dubawa. A tafiyar farko ko kallon gefen hanya ban samu na yi ba.

Washegari muka hau wani bangon dutse da hannu da ƙafa, muka kwana a Karanga, shi ma wajen mita 4,000. Mai lissafi zai ga dare uku a jere muna kwana kusan a tsayi ɗaya. Waɗannan su ne kwanakin da ɗan yayata yake gani kamar asarar kuɗi. Sai a rana ta shida muka isa Barafu, wajen mita 4,670, inda ake tashi zuwa ƙololuwa. Na isa ina cin abinci, ina hira, ina sallata a tsaye. Alƙiblar can ma arewa take kallo, ba gabas ba kamar tamu, wani ɗan dako Musulmi ne ya nuna mini tun a daren farko, kuma tare muka riƙa jam'i da shi.

Ba zan ce daren hawan ƙarshe ya yi sauƙi ba. Mun tashi wajen sha biyun dare, tocila a goshi, sanyi irin wanda jaurar Haɗeja ba ta kama ƙafarsa ba. Ruwan da ke gorata ya daskare. Yatsuna sun mutu a cikin safar hannu biyu. Akwai inda na riƙa ƙirga taku goma in tsaya, ina salati a zuci don bakin ba ya iya furtawa. Amma hankalina yana jikina, ƙirjina a buɗe yake. Alfijir ya keto muna dab da bakin ramin dutsen, wurin da ake kira Stella Point, mita 5,756. Na yi taimama a kan dutse na yi asuba a zaune, gajimare shimfiɗe a ƙasa da ni kamar an baza auduga a fili. Daga nan zuwa allon Uhuru tafiyar kamar awa guda ce. Mu bakwai ne a ayarin, har da wata mata da ta haura sittin, kuma duk mun kai.

Akwai maganar da ta fi shafarmu mu 'yan Najeriya, wadda ban gani a tallar da yaron ya nuna mini ba, ita ce ta sikila. Ƙarancin oksijin shi ne ke lanƙwasa jinin mai sikila, don haka mai SS ba shi ba wannan dutse, ko ta hanyar kwana nawa ce. Masu AS kuwa, waɗanda suke da yawa ƙwarai a cikinmu kuma galibi ba su taɓa jin ko ciwon yatsa ba saboda shi, an san a wurare masu tsayi irin wannan jini na iya toshewa a saifarsu, mutum ya ji matsanancin ciwo a hagun cikinsa ƙarƙashin haƙarƙari. Jagoran da ya saba da baƙi daga Turai zai iya ɗaukar wannan a matsayin ɓacin ciki kawai. Matasanmu da yawa sai za su yi aure suke gwajin jini. Duk mai niyyar tafiyar nan ya je ya yi gwajin, ya kai wa likita sakamakon, ya gaya masa tsayin dutsen da lambobi. A nan ne kuma zai tambayi likita game da ƙwayar Diamox da masu hawa ke sha don taimaka wa jiki sabawa. Kada a saye ta a kemis a sha da ka, don ba kowa take karɓa ba, kuma ba ta maye gurbin kwanaki.

Na san maganar kuɗi ce ta sa suka zaɓi kwana biyar, kuma ban raina wannan ba, na san yadda canjin dala yake a yau. Hukumar gandun da rana take lissafa kuɗinta, lokacin da na je dala 70 ne kowace rana ga baƙo irina, ban da kuɗin wurin kwana, ga albashin jagora da mai dafa abinci da 'yan dako da abincinsu. Kowace rana da aka ƙara kuɗi ne. Amma kuɗin jirgi da biza da kayan sanyi ɗaya ne ko kwana nawa za ka yi. Mutum ya kashe duk wannan sannan ya yi tsimin kwana uku da su ne za su kai shi inda ya nufa? Ni na yi, na biya kuɗin tafiya sau biyu, ga kuɗin asibiti da muka haɗa. Wanda kuɗinsa bai kai na kwana bakwai ko takwas ba ya ƙara zagaye ɗaya na adashe, dutsen yana nan. Ko a hanyar Marangun ma akwai tsarin kwana shida da ake ƙara dare ɗaya a Horombo, mu ne muka ƙi shi.

Sannan a tambayi kamfani nawa yake biyan 'yan dako. Ƙa'ida ita ce kada kayan ɗan dako ya wuce kilo 20, ana ma aunawa a ƙofa. A tafiyarmu ta farko mai araha na ga yaro da takalmin roba a inda ƙasa ke daskarewa, na kuma ga sau nawa suke cin abinci a rana. Rangwamen da aka yi mana daga cikinsu aka cire shi, kuma su ɗin ne suka sauko da abokina a cikin dare ba su yi ƙorafi ba. Duk wanda zai je ya ware musu alheri a cikin lissafinsa tun daga gida.

Ba hana yaran nan nake so a yi ba. Ina jin daɗi in ga matashin karkararmu yana da burin ganin ƙasar Allah da idonsa, ya dawo ya ba ƙannensa labari. Ɗan yayata ya dawo jiya da takardar gwajin jininsa, AA ne, amma biyu daga cikin abokan tafiyarsa ba su san nasu ba tukuna. Na ce masa in sun koma kan kwana takwas, in aka yanke shinkafar rani zan ba shi buhu biyu ya sayar ya cike nasa kason, in kuma suka tsaya a kan biyar zan je in sami mahaifiyarsa in gaya mata abin da na gani a Kibo ba tare da na rage komai ba. Ya ce zai kawo su su shidan ranar Juma'a bayan masallaci mu zauna. Na riga na ciro safar hannuna da tocilar goshi daga ƙasan akwati, na kuma kira abokina na Bunkure, ya ce zai hau mota ya zo ya faɗa musu da bakinsa.

Na gode, Edita, da wannan fili da ka ba ni. Allah Ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naka,
Wani malamin gona,
daga yankin Auyo, Jihar Jigawa.